Roba Mai Jan Murfi

Duk wanda ya zo dubiya a watannin nan sai ya ce in gode wa Allah, kuma na gode. Ina raye, ina takawa da ƙafata, har na koma aji. Amma akwai maganar da ba na iya yi a gaban masu dubiya, domin wadda maganar ta shafa yawanci tana zaune a gefena tana zuba musu ruwa. Shi ya sa na zauna na rubuta, ko wata za ta karanta ta tsira da abin da ni ban tsira da shi ba.

Sunana Zulai. Ina koyar da bayoloji a wata makarantar sakandare a Unguwar Rimi, ina kuma zaune a Unguwar Shanu da 'ya'yana biyu tun bayan rasuwar mahaifinsu. Kowace shekara akwai darasin da na san sai an yi mini dariya a kansa. Da na rubuta tishu a allo, sai wani daga kujerun baya ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, na bayi ko na fyace majina?" Sai in bari su gama, sannan in gaya musu cewa a ilimin halittu tishu ba takarda ba ce. Taron ƙwayoyin halitta ne masu kama da juna da suka haɗu suna aiki ɗaya. Tsoka tishu ce, fata ma haka, har jinin da ke yawo a jikinsu. Daga nan in ɓare albasa, in zaro siririyar fatar nan ta ciki, su leƙa ta madubin da ke girmama ƙananan abubuwa, su ga ƙwayoyin a jere kamar bulo a jikin gini. Na yi shekaru ina wannan, ban taɓa kawowa a raina cewa wata rana nawa za a yanko a leƙa ba.

Ina wanka na fara jin sa, a maman hagu. Wani ɗan ƙululu ne kamar ƙwayar gyaɗa, ba zafi, ba ƙaiƙayi. Gabana ya faɗi, saboda irin wannan ciwon ne ya tafi da Innarmu ina 'yar firamare. Ko shafa mai ban tsaya yi ba, na ɗauki waya na kira Yaya Asabe.

Dole in faɗi ko wace ce ita, don kada a ɗauka muguwa ce. Yaya Asabe ce babbarmu, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ta ƙarasa rainona bayan Inna, ita ta tsaya kai da fata sai da na yi karatu, alhali ita ba ta samu ta gama ba. Tana aure a Kinkinau, tana da ɗan shagon kayan masarufi a ƙofar gida. Idan na ce ba ni da kowa a duniya sama da ita, ban yi ƙarya ba. Tana jin muryata ta rufe shago ta hau keke ta taho. Ta taɓa wurin, sannan ta ce, "Ba komai ba ne in sha Allahu. Ki daina taɓawa."

Kafin sati ya zagayo magana ta gama dangi. Goggo Hanne, ƙanwar babanmu, ta zo da wani ƙullin gari ta ce in riƙa kwaɓawa da man shanu ina shafawa, kuma kada in yarda a sa mini wuƙa, wai irin wannan ciwon da ya ji ƙarfe sai ya fusata. Wata ta ce in daina shan ruwan sanyi. Wata ta ce rigar mama ce ta matse ni. Na shafa garin Goggo na 'yan kwanaki, ni da nake koyar da kimiyya, don tsoro ba ya tambayar takardar shaidar mutum. Rifkatu ce ta fitar da ni daga wannan. Abokiyar aikina ce, 'yar kudancin Kaduna, tebur ɗaya muke zama a ɗakin malamai. Ta dube ni ta ce, "Malama Zulai, da ɗalibarki ce ta zo miki da wannan, man shanu za ki ba ta? Gobe zan zo in ɗauke ki."

Asibitin da muka je ba babba ba ne, amma layinsa ya ishi mutum. Layin kati daban, layin awon jini daban, na hoto kuma sai da muka sake dawowa. Likitar wata 'yar siririyar mata ce mai tabarau, ba ta da yawan fara'a amma tana kallon mutum a ido. Ta duba ni, ta duba hoton, ta ce za a cire ƙululun a kai gwaji. Na ce, "Likita, a ganinki mene ne?" Ta ce, "Hannuna zai iya ruɗa ni, hoto ma zai iya ruɗa ni. Tishu ne ba ya ƙarya. Sai mun leƙa shi za mu san da wa muke faɗa." Wannan maganar ta zauna mini, har na yi murmushi, don na ji kamar a ajina nake.

Ranar aikin Yaya Asabe da Goggo da Rifkatu suna bakin ƙofar tiyata. Da aka gama, nas ta leƙo ta ce wa 'yan jinya su shirya, akwai maganar tishu. Goggo, baiwar Allah, ba ta tsaya jin ƙarshen zancen ba, ta fita bakin get ta sayo naɗin takarda har da ragi ta roƙo. Lokacin da na farfaɗo na tarar ana ta yi mata dariya, ita kuma tana cewa ai ba a yi mata bayani da Hausa ba. Ni ma na yi dariyar har ɗinkin ya ja ni.

Sai nas ta shigo da ainihin abin. Wata 'yar roba ce mai jan murfi, an manna mata filasta da sunana a jiki. A cikinta akwai ruwan magani mai warin da ke sa hawaye, ga kuma ɗan naman yana lilo, bai fi ƙwallon dabino ba. Ta ce ba su da ɗakin irin wannan gwajin a nan, dangin mara lafiya ne ke kaiwa, su kuma karɓo sakamakon su kawo wa likita. Ta faɗi inda za a kai. Rifkatu ta miƙe ta ce, "Ku ba ni, hanyata ce, yanzu zan ajiye." Ni da bakina na hana ta. Na ce, "Haba Rifkatu, kin yi iya yinki. Namana ne, bari 'yar'uwata ta kai." Na dubi Yaya na ce, "Yaya, ga shi." Ta karɓa da hannu biyu, ta naɗe a leda, ta sa cikin jakarta. Har yau idan na rufe ido ina ganin wannan jan murfin yana shiga jaka.

Jinyar da ta biyo baya, ban san wadda aka yi wa irinta ba. Yaya ta bar shagonta a hannun maƙwabciya ta tare a gidana. Ita ke dafa mini ruwan wanka, ta goge mini baya, ta kitse mini kai ina kwance a cinyarta. Ita ke sallamar yara makaranta. Kullum sai ta kwaɗa mini zogale da ƙuli-ƙuli, daga bishiyar bayan ɗakinta take sa a tsinko, tana cewa yana ƙara jini. Idan na ƙi ci ta yi mini jan ido kamar ina 'yar shekara goma.

Sati na farko na tambaye ta sakamako, ta ce sun ce da saura. Sati na biyu ma haka. A na uku ta fita da hantsi ta dawo fuskarta a sake, tun daga zaure take cewa, "Alhamdulillahi, Zulai. Sun ce kitse ne kawai ya dunƙule." Na zube a ƙasa na yi sujada, ina kuka tana kuka. Da na natsu na ce ina takardar, ta ce ta biya ta asibiti ta ba likita, an sa a fayil. Ranar da na je cire zare likitar ba ta nan, nas ce ta cire ta ce wurin ya yi kyau. Ban sake bi ta kan maganar ba. Mutumin da ya wanke maka jiki, ai ba ka ce masa ya nuna shaida.

Juma'ar da ta biyo muka yi sadaka. Yaya da kanta ta jiƙa shinkafa, ta soya waina tun safe har azahar, aka raba wa maƙwabta da masallacin layinmu. Goggo ta zo ta ci ta yi guzuri. Rifkatu ta zo da lemo tana ta rungume ni. Na koma aiki, na yi azumi, na yi Sallah, na ɗinka sababbin kaya. Na ma yi wa wata malama nasiha a kan zuwa asibiti da wuri, ina ba da misali da kaina.

Damina ta yi nisa lokacin da na ji wani tauri a ƙarƙashin tabon. Na ce wa kaina ɗinki ne. Bayan 'yan makonni hammata ta fara nauyi, na sa hannu na ji wasu 'yan ƙululu a can ma, fatar maman kuma ta fara canja kama. Na ce wa Yaya ta raka ni asibiti. Ta ce in ɗan ƙara haƙuri, wataƙila sanyin damina ne. Na ce a'a. Ta sa mayafi ta biyo ni.

Da aka kira sunana ta ce in shiga, za ta riƙe mini jaka a benci. Likitar ta duba ni, na ga fuskarta ta ɗaure. Ta ce, "Malama, ina kika shiga? Ina sakamakon tishun da muka cire?" Na ce ai yana wurinta, kitse ne. Ta ce, "Wa ya gaya miki?" Na ce yayata. Ta cire tabarau ta ajiye. Ta ce babu abin da aka kawo mata. Ta ce da suka ji shiru sun kira lambar da aka bari, wadda ta ɗauka ta ce musu na yi tafiya, za a kawo idan na dawo. Lambar Yaya ce aka bari, don ranar aikin wayata tana hannunta.

Na fito na tsaya a kanta. Ta ɗago ta dube ni, kuma tun kafin in buɗe baki na san ta san abin da aka gaya mini. Na ce, "Yaya, ina robar?" Ta ce, "Ba a nan ba, Zulai. Mu je gida." Muka tare keke, ta ce wa mai keken Kinkinau.

Ba ta shiga ɗaki ba. Ta zagaya da ni bayan ɗakinta, ta tsaya a gindin zogalen, ta nuna ƙasa da yatsa. Ta ce, "Yana nan. Na zubar da ruwan, na naɗe shi a farin ƙyalle, aka haƙa rami aka binne. Naman mutum ne, ba abin da za a yi ta yawo da shi a gari ba."

Na ce, "Ba ki kai ba ke nan."

"Ban kai ba."

"Kitsen fa? Wa ya ce kitse ne?"

Ta zauna a kan wani turmi da ke kife. Ta ce, "Ke yarinya ce lokacin Inna, ba ki san komai ba. Ni aka ba irin robar nan. Ni na kai, ni na karɓo takardar, ina murna na yi abin kai. Inna tana cin tuwonta tana zuwa kasuwa har ranar da aka karanta mata abin da ke ciki. Daga ranar ta juya fuska bango. Ba ciwon ne ya fara kashe ta ba, sunansa ne. Na ɗauki robarki na kai har ƙofar wurin, ƙafata ta ƙi shiga. Na ce an riga an cire, an jefar, me ya rage? In bar ki ki rayu da kwanciyar hankali."

Na ji tausayinta, ba zan ɓoye ba. Amma abin da ya taso mini ya fi tausayin ƙarfi. Na ce, "Yaya, da kin ce ba za ki iya ba. Rifkatu tana tsaye a wurin, hannunta a miƙe. Kalma ɗaya ce. Kin bar ni na yi sujada a kan ƙarya. Kin soya waina." Ta sunkuyar da kai. Na ce, "Wa ya haƙa ramin?" Ta ce maigidanta. Na ce, "Goggo ta sani?" Ta ce ita ta kawo ƙyallen. Wato dangin da suka zauna a tsakar gidana suna cin wainar godiya sun san ba a gwada komai ba, ni kaɗai ce baƙuwa a cikin lamarin jikina. Na ɗaga kai na kalli bishiyar da aka yi wata da watanni ana ciyar da ni ganyenta. Na fita ko sallama ban yi ba.

Gwaji na biyu da allura aka ɗebo, idona biyu. Da nas ta kawo robar, irin waccan ce sak, har jan murfin. Ban bari ta taɓa hannun kowa ba. Na hau keke da ita a cinyata, bandeji a ƙirjina, kowane rami muka faɗa sai na ji har ƙwaƙwalwata. Na miƙa da hannuna, na koma na karɓo da hannuna. Kansa ce, wato ciwon daji, kuma ta riga ta kai hammata.

Na tambayi likitar abin da ke cina. Na ce da an kawo na farkon fa? Ta ce ita ba ta san gaibu ba, amma da an sani a lokacin da an faɗaɗa aikin an fara magani nan take, kuma mai yiwuwa ne da ba a kai ga cire maman ba. Ta ce, "Watannin nan da suka wuce, shi ciwon bai zauna jiranmu ba." Na gode mata da ba ta lallashe ni da ƙarya ba. A lokacin na ƙoshi da masu tausaya mini ta wannan hanyar.

Aka tura ni babban asibiti. A nan na san cewa layin da na gani a baya wasa ne. Ka fito da sassafe ka tarar wasu sun riga ka, a kira ka bayan la'asar, ko a ce maganin ya yanke sai ka nemo a waje. Aka fara mini ƙarin ruwan da suke kira kemo. Satin farko na kowane zagaye amai ne da ɗacin baki, ko ƙamshin miya ba na so. Sati na biyu sai kasala, in tashi daga gado zuwa bayi kamar na yi noma. A na uku in fara jin ni mutum ce, sai kuma lokacin wani zagayen ya yi. Gashina ya zube a kan matashi, farcena ya yi baƙi. Filin da mahaifin yara ya bari ya tafi, 'yan kunnena suka bi shi. Malaman makarantarmu suka yi mini karo-karo, matan cocin su Rifkatu ma da ba su taɓa ganina ba suka aiko da nasu. Allah Ya saka musu da alheri. Bayan an gama ruwan aka cire maman gaba ɗaya.

Kuma wa ya yi jinyar? Yaya Asabe. Na aika mata cewa kada ta zo, ta zo. Na ƙi yi mata magana, ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakina. Ita ta riƙa tara mini roba ina amai, ita ta share gashin da ya zube don kada yara su gani, ita ta fara ganin ƙirjina bayan an kwance bandeji, ta wanke wurin hannunta ko rawa bai yi ba. Ni kuwa ina kwance ina kallon hannun nan, ina tunanin shi ne ya ɗaure ledar. Ban san yadda ake gode wa mutum da jin haushinsa a numfashi ɗaya ba sai a wannan ciwon. Abu ɗaya na ce mata, kada ta sake kawo mini zogale. Ba ta sake ba.

Dangi sun yi ta zuwa ba ni baki. Kowa da abin da yake faɗa, amma ƙarshensa ɗaya ne, wai don Yaya tana sona ta yi. Goggo har cewa ta yi ai ga shi ƙarfen ne ya fusata ciwon kamar yadda ta faɗa. Ranar na manta da girmanta, na ce ta tashi ta ba ni wuri. Na sani Yaya tana sona, ban taɓa shakka ba. Amma jikina ne, kuma ni ke da haƙƙin jin abin da ke cikinsa, mai daɗi ko marar daɗi. Ni ba Inna ba ce. Da aka gaya mini sunan ciwon ban juya fuska bango ba, tashi na yi na hau layi. Yaya ta yanke mini hukunci da tsoronta, ni na biya da naman jikina.

Ga duk wadda za a yi wa irin wannan aikin, ga abin da zan ce. Ɗan naman nan da ake ba ku a roba ba shara ba ne, ba kuma gawa ba ce da za a yi gaggawar binnewa. Shi ne kaɗai zai faɗi gaskiyar abin da ke jikinki. Kada ki duba wa ya fi sonki, ki duba wa zai iya kaiwa ya kuma iya dawo miki da amsar ko da mai ɗaci ce. Kuma ki ga sakamakon da idonki, ki ji shi daga bakin likita.

Na koma aji a zangon da ya wuce, da ɗankwali a kan ɗan gashin da ya fara tsirowa, da soso a cikin riga ta gefen hagu. Da muka zo darasin tishu, wani ya yi tambayar tasu ta kullum, aji ya kwashe da dariya. Na bari suka gama kamar yadda na saba. Amma da na zo faɗin cewa ƙwayoyi ne masu kama da juna da suka haɗu suna aiki ɗaya, sai na juya ina goge allon da babu komai a kansa. Domin haka na ɗauke mu ni da Yaya a da, tishu ɗaya.

Har yanzu ina zuwa asibiti a duba ni lokaci-lokaci, kuma ita ke raka ni. Ta taɓa tambayata a hanya ko na yafe mata. Na ce ina roƙon Allah Ya ba ni iko, kuma da gaske nake. Zuwanmu na ƙarshe aka ɗebi jinina, nas ta miƙo 'yar kwalbar ta ce a kai ɗakin gwaji, yana can ƙarshen baranda. Yaya ta miƙa hannu yadda ta saba karɓar mini komai. Na riga ta. Ta tsaya da hannun a sama na ɗan lokaci, sannan ta mayar da shi cikin mayafi. Muka bi barandar tare, tana ɗauke da jakata da ruwana da lemata, tana rage sauri don kada in gaji. Kwalbar kuwa tana hannuna.